Jirgin Da Ba A Daina Gyarawa, Da Motar Da Muke Hana A Duba



A 'yan watannin nan mun lura jirgin ruwa na yawon shaƙatawa ya fara shigowa cikin labaranmu. A da Dubai ake kai ango da amarya. Yanzu kuwa sai a ɗora su a kan wani ƙaton farin jirgi, su tsaya a bene na sama iska tana kaɗa mayafi, babi ya ƙare. Ba laifi ba ne marubuci ya kai alƙalaminsa inda ƙafarsa ba ta taka ba. Abin da ya dame mu shi ne, a duk labarin da muka karanta, jirgin kamar da kansa yake tafiya. Babu mai fenti, babu mai walda, babu wanda hannunsa ya taɓa baƙin mai.

Gaskiyar magana, irin wannan jirgi gareji ne da ba ya rufewa. Ruwan teku gishiri ne, gishiri kuwa cin ƙarfe yake yi dare da rana, don haka kullum akwai masu kankare tsatsa suna bi da fenti, fasinja na cin abinci a gefe guda su suna aiki a ɗaya gefen. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata fiye da 2,000. Gari ne guda a kan ruwa. Wutarsa shi yake samar wa kansa, ruwan sha ma yawanci daga teku ake tace shi, ga bututun bayan gida da abu ɗaya zai toshe ya shafi ɗakuna da dama. Shi ya sa ake yi wa manyan jirage injuna da yawa, domin a kashe ɗaya a kwance shi a duba, sauran suna ci gaba da aiki. Kowane inji ana lissafa awannin da ya yi, idan lokacinsa ya cika a yi masa sabis ko da lafiyarsa ƙalau, a kuma rubuta. Aikin da ke da ƙara sai a jira ranar da jirgi ya tsaya a tasha fasinja sun sauka yawo.

Amma gyaran cikin tafiya yana da iyaka. Akwai aikin da dole sai an sauke kowa, a shigar da jirgi wani ƙaton rami na kankare a kwashe ruwan, ya zauna a busasshe a duba cikinsa da farfelarsa. Dokar kare rayuka a teku, wadda aka fara tsarawa a 1914 bayan nutsewar Titanic a 1912, ta tilasta a riƙa duba ƙasan jirgin fasinja a kai a kai.

Abubuwa biyu da suka faru sun nuna abin da ke biyo baya idan aka kuskure wannan iyaka, ta kowane ɓangare. A Maris na 2019 jirgin Viking Sky yana tafe a gaɓar ƙasar Norway da mutum 1,373, ana iska mai ƙarfi, injunansa suka mutu gaba ɗaya. Saura kaɗan igiyar ruwa ta maka shi da duwatsu, sai da aka kwashe mutum sama da 400 da jirage masu saukar ungulu. Da aka bincika, baƙin mai ne ya yi ƙasa a tankunansa. Da jirgi ya fara tangaɗi sai famfo ya zuƙi iska, injuna suka kashe kansu. Ƙaramin aiki ne na kullum aka yi wa sakaci. Shekara guda kafin nan, a Maris na 2018, jirgin Norwegian Sun ya tashi daga Miami zuwa Los Angeles ta mashigin Panama, tafiyar kusan mako biyu, sai fasinja suka tarar an fara babban aikin sabunta dandamalin jirgin suna ciki: ƙura, warin sinadari, ƙarar injin gurza, wurare a rufe. Suka ɗauki hotuna suka yi ƙorafi, har kamfanin ya ba da haƙuri ya yi musu tayin wata tafiyar a madadin wannan. A nan kuma babban aikin gareji ne aka kawo kan hanya, ba tare da an gaya wa waɗanda suka biya kuɗi ba.

To, me ya haɗa mutumin Illela da wannan, mu da ko babban kogi ba mu da shi? Jiragenmu suna nan a tasha. Duk ranar Lahadi, ranar kasuwa, ku dubi tirelolin da ake lodi da shanu da raguna da albasa za su kudu, da ƙananan motocin da ke zirga-zirga tsakanin nan da Sakkwato, da waɗanda ke tsallakawa Ƙonni su wuce Tawa har Agadas. Kowace babbar mota tana da nata ma'aikacin ƙasan jirgi, wato yaron mota. Shi ne ke zagayawa yana bubbuga tayoyi da ƙarfe yana sauraren amonsu, shi ke ƙara ruwa a lagireto, shi ke ruga da gudu ya sa weji idan an tsaya a gangare, shi ke kwanciya a ƙarƙashin mota da sifana a kan kwalta mai zafi. Motar da za ta yi kwana biyu ko uku a hanya da dabbobi a bayanta ba ta isa inda za ta sai da irin wannan gyaran na cikin tafiya.

Bambancinmu da su ba wai nasu ba ya lalacewa ba ne. Bambancin shi ne mu mun juya abin. Ƙaramar dubawar da ya kamata a yi a hanya ita muke hanawa, babban gyaran da ya kamata a yi a gareji shi muke yarda a yi da mu a ciki.

Kwanakin baya mun taso daga Illela za mu Sakkwato, tafiyar kilomita 80 da 'yan kai. Mun wuce Gwadabawa kaɗan direba ya gangara gefe ya fita ya durƙusa a ƙafar baya. Nan take mota ta ɗauki guna-guni. Wani dattijo ya leƙa ya ce, "Haba direba, mu tai mana, rana na yi!" Direban ya ce, "Yi haƙuri Baba, wata ƙara nij ji." Ashe notin taya biyu ne suka saki. Minti biyar ya ɗaure su muka wuce, kuma babu wanda ya ce masa sannu, har da mu masu wannan rubutu. Amma mu ɗin nan ne za a ce mana birki sai an yi famfo sau uku yake kamawa, ko mu ga tayar da ta suɗe har waya ta fito, mu ce Allah ya kiyaye hanya, mu shiga mu zauna. Addu'a gaskiya ce. Sai dai an umarce mu da mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali.

Mun san abin da direba zai ce, kuma yana da hujja. Motar ba tasa ba ce, mai ita balas yake jira da yamma. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 komai na mota ya yi tsada. Ga rufe iyaka da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, duk a kan masu motar garin nan ya fi faɗawa. Wuni ɗaya a gareji wuni ne da ba a ɗora tukunya ba. Wannan lissafin ne ma yake sa kamfanin jirgin ruwa mai biliyoyi ya fara aiki fasinja na ciki, don ranar da jirgi ya kwana a ramin gyara ranar asara ce. Amma duba baƙin mai da ɗaure noti ba kuɗi suke ci ba, minti biyar suke ci, kuma a hannunmu fasinja minti biyar ɗin take. Birki da sitiyari da taya kuwa ba aikin gefen titi ba ne. Idan mota tana da irin wannan matsala, mafi ƙarancin haƙƙin fasinja shi ne a gaya masa tun a tasha, ya zaɓa da kansa. Sabuwar hanyar da aka ƙaddamar da aikinta a 2024 daga Illela zuwa Badagry, mai kilomita 1,068, ba za ta ɗaure wa kowa noti ba. Hasali ma hanya mai kyau gudu take ƙarawa, gudu kuma shi ke tona asirin taya.

A nan aikinmu na marubuta ya shigo. Mutane ba sa girmama aikin da ba su taɓa gani ba, kuma labari hanya ce ta nuna musu. Yaron mota a littattafanmu in ma ya fito, abin dariya ne ko ɗan iska. Ba mu taɓa tambayar nawa ake ba shi ba, ina yake kwana, me yake ji idan ya shiga ƙarƙashin mota da jak ɗaya tak ke riƙe da ita, fasinja suna zaginsa ta taga. Duk wanda ke neman labari mai rai a cikinmu, ya je tasha ranar Lahadi da littafin rubutu, ya zauna wurin mai faci, ya koyi sunayen kayan aiki daga bakin masu su. Wanda kuma ya nace sai ya kai amaryarsa teku, to ya sauko da mu ɗakin inji ko da shafi biyu ne, mu ga wanda ke duba mai da ƙarfe ukun dare.

Kafin nan, idan direba ya tsaya ya duba mota, mu ce masa sannu.