Waiwaye: Ƙarfen da Ya Kasa Kwaikwayon Ɗaki

A zamanin da muka fara riƙe jitar lantarki, babu mai zaɓen amsa-kuwwa. Amfilifayar da Allah Ya hore wa ƙungiya, ta aro ce ko ta haya, da ita za a yi aiki. In akwai maɓalli a gabanta da aka rubuta wa Reverb, a murɗa shi. Ya yi aiki, madalla; bai yi ba, a ci gaba da kiɗa. Yau kuwa yaro zai zo maka da waya a hannu, ya buɗe maka feda iri-iri, wato 'yan akwatunan sauti da ake takawa da ƙafa, kowace da bidiyonta, ya ce, "Baba, wacce zan saya, mai sifirin na gaske ko ta dijital?" Nakan ce masa ya ja kujera tukuna, domin yawancin masu wannan tambaya ba su tantance sautin da suke nema ba.

Asalin abin ba na jita ba ne. Laurens Hammond, wani Ba'amurke mai ƙere-ƙere, ya fito da ogan ɗin lantarki a 1935. Ogan ɗin coci mai bututu yana samun kwarjininsa ne daga ginin da yake ciki, daga doguwar rufi da bangon dutse masu dawo da sauti. Shi kuwa na Hammond, in aka kai shi falon gida mai kafet da labule, sai ya bushe ƙarau. A 1939 Hammond ya nemi rajistar wata dabara da ya aro daga injiniyoyin tarho na kamfanin Bell, waɗanda suke amfani da sifirin don jinkirta sauti a gwaje-gwajensu. Na'urarsa ta farko doguwa ce, ta haura mita guda, har da bututun mai da ake tsoma wasu sifirin a ciki don rage musu rawa. Sai wajen 1960 wani injiniyan kamfanin Hammond, Alan Young, ya matse aikin cikin kwanon ƙarfe mai tsawon kimanin santimita 42. Wannan kwano, wanda masu sana'a ke kira tanki, shi Leo Fender, mai ƙera amfilifaya, ya ɗauka ya saka a cikin akwatin amsa-kuwwar da ya fitar a 1961, mai lamba 6G15. Bayan shekara biyu aka fara dasa shi a cikin amfilifaya kai tsaye, irin su Vibroverb da Twin Reverb da Deluxe Reverb.

Aikin tankin ba shi da wani siddabaru. Sautin jita yana shiga wani ɗan koyil, koyil ɗin ya girgiza ƙaramin maganaɗisu da ke maƙale a bakin sifirin, sifirin ya ɗan murɗe, murɗewar ta bi jikinsa zuwa ɗaya ƙarshen, inda wani maganaɗisu da koyil ke mayar da ita lantarki. Ba duka take fita ba. Saura ta juyo baya, ta sake komawa, tana kai da kawo har ta mutu a cikin daƙiƙa biyu zuwa huɗu. Sai dai a jikin ƙarfe siririn sauti da kakkaura ba sa tafiya da gudu ɗaya, wani yana riga wani isa. Don haka duk lokacin da ka tsinki tsirkiya da ƙarfi, abin da ke fitowa ba amon zaure ba ne, wani "ɗis" ne mai jiƙa, kamar ɗigon ruwa ya faɗa cikin randa.

A idon injiniya wannan aibi ne. An yi na'ura don ta kwaikwayi ɗaki, ta kasa. Amma samarin gaɓar tekun Kalifoniya da suka ƙirƙiro kiɗan saf a farkon shekarun 1960 wannan aibin suka runguma. Dick Dale, jagoransu, ya sha faɗa cewa don muryarsa ya fara neman na'urar, daga baya ya jona mata jita. Wanda ke son jin ɗigon nan tsantsa ya nemi "Baja" na ƙungiyar Astronauts, na 1963. (Abin dariya, 'yan garin Boulder ne a jihar Kolorado, inda ko ƙamshin teku ba a ji.) A Jamaika kuma King Tubby, wanda asalin sana'arsa gyaran rediyo da kayan lantarki ce a unguwar Waterhouse ta Kingston, ya rungumi wani aibin na biyu: in ka bugi tankin da hannu, sifirin ya yi ta karo da juna, sai ka ji tsawa. Ya shigar da tsawar cikin kiɗan dob, ta zama tambarinsa.

To a nan zaɓe yake farawa. Wanda ke son jitarsa ta yi faɗi, ta yi taushi, a ji kamar a babban ɗaki ake kaɗa ta, ba sifirin yake nema ba, ko da kuwa sunan yake kira. Kusan kowace feda ta amsa-kuwwa mai ɗabi'u da yawa, irin su Boss RV-6 ko Hall of Fame ta TC Electronic, za ta biya masa buƙata, kuma ɗabi'ar zaure ko ta ɗaki da ke cikinsu za ta fi yi masa daɗi. Na ga mutane da dama sun kashe kuɗi kan feda mai sifirin, daga baya suna ƙorafin wai tana da ƙarar ƙarfe. Ai ƙarar ƙarfen aka sayar musu. Shi sifirin ana nemansa ne don ɗigonsa da ɓarinsa da ɗan haukansa, kuma da waɗannan ake auna shi.

Tsohon akwatin Fender yana da maɓalli uku, kuma har gobe su nake fara dubawa a jikin kowace feda. Mixer shi ne yawan amsa-kuwwar da ake gaurayawa da ainihin sautin jita. Tone shi ne haskenta ko duhunta. Na ukun, Dwell, shi ne zuciyar lamarin: ƙarfin da ake dukan sifirin da shi. In ka ɗaga shi, ɗigon ya fito, jelar sautin ta yi tsawo, ta fara tirjiya. Feda mai maɓalli ɗaya tak tana iya yin daɗi, amma wani ne a masana'anta ya riga ya yanke maka hukunci kan sauran biyun. Akwai kuma bambancin da matasa ba su cika lura da shi ba. Shi akwatin 6G15 a gaban amfilifaya ake jona shi, tsakaninta da jita, don haka duk abin da ya fitar sai amfilifaya ta sake tauna shi. Tankin da ke cikin Twin Reverb kuwa a tsakiyar hanya yake, kuma ba a dukansa da ƙarfi haka, shi ya sa ya fi natsuwa. Feda biyu za su iya ɗaukar suna iri ɗaya alhali ɗaya akwatin take kwaikwayo, ɗaya amfilifaya.

Gwaji a shago ba ya ɗaukar lokaci, in mai shago ya yarda. Ka danne tsirkiyoyi masu kauri da gefen tafin hannu, ka tsinke su ɗaya bayan ɗaya, ka ji ko ɗigon yana bin ƙarfin hannunka, wato ya fito in ka matsa, ya ɓuya in ka sassauta. Kwaikwayo marar kyau yakan liƙa ɗigo iri ɗaya a kan kowane sauti, ko ka taɓa a hankali ko ka daka. Sannan ka kaɗa duka tsirkiyoyin ka tsayar da su nan take, ka kasa kunne ga jelar har ta ƙare, ka ji ko tana narkewa ne ko tana maimaita kanta tik-tik-tik. A ƙarshe ka taka ka kashe fedar ana tsakiyar amo, domin wasu suna barin jelar ta ƙarasa, wasu suna datse ta. Bidiyon waya ba zai nuna maka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, an riga an gyara sautin a situdiyo, kuma lasifikar waya ba ta fitar da rabinsa.

Abin da ya fi duk wannan nauyi shi ne inda za ka yi kiɗan. Masu jitar Agadas, irin su Etran de L'Aïr da suka yi shekaru suna kiɗan biki a garin, a fili suke wasa, kan yashi, babu bango babu rufi. Sauti ya fita ya tafi ke nan, babu abin da zai dawo da shi. A irin wannan wuri ɗan sifirin kaɗan yana ba jita jiki. Amma salon kiɗan yana da sauri, yatsu na zuba sautuka a jere suna zagayowa, kuma in jelar ta yi tsawo sai na baya ya hau kan na gaba, komai ya cakuɗe. Gajeriyar jela ake so, Mixer a ƙasa. Shi kuwa mai kaɗa jita a cocin Sabon Gari ko a ɗakin taro mai bangon siminti da tayil da rufin kwano, ginin ya riga ya ba shi amsa-kuwwa fiye da buƙatarsa. Ga mai riƙe da mikisa ya riga ya cika wa mawaƙi eko a murya, kamar yadda muka saba a nan ƙasar. In shi ma ya ƙara nasa, mutanen da ke bayan ɗaki ba za su ji komai ba sai guguwa. A irin waɗannan ɗakuna sau da yawa nakan bar fedar a kashe daga farkon wasa har ƙarshe, kuma ban taɓa jin wanda ya yi cigiyarta ba.

Yanzu ga tambayar yaron nan. Feda mai sifirin na gaske, irin su SurfyBear ko Headroom ta Carl Martin, tana da abin da har yau kwaikwayo bai gama kamowa ba, musamman yadda take amsa hannu. Amma ƙarfe ne mai rai. Dandamalin katako yana girgiza, mai ganga yana duka a kusa, wani ya yi tuntuɓe da ita, duk za ka ji su a lasifika. Koyil ɗinta yana jawo gurnanin taransifoma in aka ajiye ta kusa da adafta ko bayan amfilifaya. Siraran wayoyin da ke riƙe da sifirin ba sa son hanya mai gargada, ba banza ba Fender ya yi wa akwatinsa sakata ta kulle tanki lokacin tafiya. Wanda kayansa ke hawa bayan babur ko saman motar haya ya yi wannan lissafi. Ta dijital, irin su FRV-1 da Boss ya fitar a 2009 yana kwaikwayon akwatin Fender, ko Flint ta Strymon, ko Topanga ta Catalinbread, ƙarama ce, ba ruwanta da girgiza, tana shiga aljihun jakar jita. Ga mai yawon biki, ni dai ita nake ba da shawara, ba tare da wani kwana-kwana ba. Ta gasken ta mai situdiyo ce, ko mai wasa a wuri ɗaya wanda zai ajiye ta ya bar ta.

Sai dai akwai inda tsohuwar fasaha ta yi zarra, kuma a rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo na ga haka. Wani saurayi ya kawo masa feda ta dijital da ta mutu. Dattijon ya buɗe, ya duba allon da gilashin ƙara girma, ya rufe. Ya ce, "Yaro, wannan ba ta gyaruwa a nan, ƙwaƙwalwarta ce ta ƙone. Me kake jona ta da shi?" Saurayin ya ce, "Wata tsohuwar amfilifayar Peavey ce, Baba, ta gwanjo." Dattijon ya ce masa ya je ya kawo ta. Da aka juya bayanta, ga wata baƙar jaka kwance a ƙasan akwatin, wayoyi biyu sun shiga ciki. Tanki ne na gaske, wanda saurayin bai ma san yana da shi ba, yana ɗauka maɓallin gaban ado ne. Waya ɗaya ce ta tsinke a bakin koyil. Ɗigon dalma guda ya tashe shi.

Wannan ba abin mamaki ba ne. Yawancin tsofaffin amfilifayoyin da ke shigowa ta gwanjo, su Peavey Bandit da Roland JC-120 na da, da tankinsu suke zuwa, kuma in ya yi shiru galibi waya ce ta tsinke ko bakin jona ya yi tsatsa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ka kunna, ka ɗaga maɓallin, ka ɗan jijjiga akwatin. In ka ji tsawar King Tubby, gefen fitar sauti lafiya lau yake, matsalar tana gefen shiga. In tankin ne ya lalace gaba ɗaya, ana samun sabo, amma ba kowanne ke shiga kowace amfilifaya ba. A jikinsa akwai lamba mai haruffa bakwai, misali 4AB3C1B da ake samu a amfilifayoyin Fender masu yawa. Lambar farko nau'insa ce, haruffa biyu na gaba suna faɗin irin koyil ɗin shiga da na fita, 3 ɗin tana nufin doguwar jela, harafin ƙarshe kuma yadda ake girka shi, a kwance ko a tsaye. In haruffan koyil suka saɓa, sautin zai fito a shaƙe ko ya ƙi fitowa sam.

Fedar saurayin nan kuwa adafta ce ta kashe ta. Yawancin feda na jita bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin wayarsu nagetif ne, akasin adaftar rawuta da ta dikoda da ke cike da kasuwa, masu fozitif a tsakiya kuma galibi bolt 12. Bakin yana iya shiga daidai, ba wani gargaɗi. Wasu masu sifirin na gaske kuma bolt 12 suke so, da wuta mai yawa fiye da abin da ƙaramin batir zai iya bayarwa. Kafin a biya kuɗi, a juya fedar a karanta ɗan zanen da ke kusa da ramin wuta, a sayi adaftar da ta dace da shi tun a shagon, a ɗaura mata ƙyalle ko salatif mai launi don kada ta gauraya da ta mai fiyano a cikin duhun bayan dandamali.