Cinikin da ke ɗaure talaka ya saki mai kuɗi

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a kasuwanninmu, daga Sassumbrum zuwa Magariya har Dungas, kuma na gaji da jin ana kiranta wayon kasuwa. Mutum ya taya wake ko riɗi, mai kaya ya ce albarka, a ja a ja, ya ƙara, mai kaya ya ce ya sallama, dillali ya yi addu'ar riba, a loda buhuna a mota a kan za a kawo kuɗi kasuwa mai zuwa. Mako na zagayowa sai mai saye ya dawo yana cin magani, wai kasuwa ta karye a Dawanau, ko a rage masa kaza a kowane buhu, ko mai kaya ya je ya kwashi abinsa. Kayan da ke jibge a Kano! Manomin da ko kuɗin motar zuwa Tinkim ba shi da su, shi ne zai tsallaka iyaka ya kwaso?

To, bari farashi ya tashi maimakon ya faɗi. Manomi ya zo a ladabce ya ce, "Alhaji, an ce wake ya yi kuɗi, a ɗan duba ni." Nan take Alhaji ya zama malami: ai magana ta ƙare, ka sallama a gaban shaidu, Musulmi ba ya magana biyu. Gaskiya ya faɗa kuwa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne wannan gaskiyar ba ta tuna masa sai ranar da take yi masa aiki.

Ba wani abu mai sarƙaƙiya a nan. Mu mabiya mazhabar Imam Malik ne, kuma ɗalibin da ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san ciniki yana ƙulluwa da baki, ko da mai saye da mai sayarwa ba su tashi daga wurin ba. Shafi'awa da Hambalawa suna bai wa mutum damar fasawa muddin ba a rabu ba. Malik bai buɗe wannan ƙofa ba. Mukhtasar na Khalil ya ma ƙara faɗaɗawa, duk abin da ya nuna yarda ya isa, ko da miƙa kuɗi ne a ɗauki kaya ba a ce uffan ba. Hanyoyin fita sanannu ne: a sami aibin da aka ɓoye, ko a ce tun farko an gindaya sharaɗin zaɓi zuwa wani lokaci, ko kuwa iƙala, wato ɗayan ya yarda don kansa a warware. Iƙala alfarma ce, roƙonta ake yi. Faɗuwar kasuwa ba ta cikin lissafin, don wanda ya sayi kaya ya saye su ne da ribarsu da asararsu.

Wanda kuma ke ganin malamai sun tsananta, to ya leƙa dokar ƙasa. Kundin dokar mu'amala da Nijar ta gada daga Faransa, a sashe na 1583, ya ɗauki ciniki a matsayin kammalalle da zarar an daidaita a kan kaya da farashi, ko da ba a miƙa kayan ba, ko da ba a biya ko dala ba. Sashe na 1134 ya mai da yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida doka a kan waɗanda suka ƙulla ta. Idan kuma tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa ne, akwai dokar OHADA, ƙungiyar da aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis a 1993, wadda Nijar ke cikin ƙasashenta 17. Dokarta ta kasuwanci, wadda aka sabunta a Lome a Disamban 2010, ta ce cinikin baki ciniki ne, ba dole sai da takarda ba, kuma ana iya tabbatar da shi ta kowace hanya. Tayi na gaske shi ne wanda ya ambaci kaya, ya nuna yawansu da farashinsu ko yadda za a gane su. Wanda ya amsa tayi amma ya canza farashi bai karɓa ba, sabon tayi ya yi. Shiru kuwa, shi kaɗai, ba yarda ba ne.

Wannan na ƙarshen ya kamata a rubuta shi a ƙofar kowace rumfar awo. Sau nawa muka ji mai kuɗi yana cewa, "Ai na gaya masa zan rage, bai ce komai ba"? Me zai ce? Kai ne ka ba shi bashin gero da damina lokacin da rumbu ya ƙare. Kai ne zai sake tunkara baɗi. Kayansa suna hannunka, kuɗinsa suna aljihunka, iyalinsa suna jiran cefane. Ya sunkuyar da kai ya karɓi abin da ka miƙa, sai ka kira wannan yarda. Tsoro ne, kuma ka sani. Bukatar rage farashi bayan an sallama sabon tayi ne a kan cinikin da ya riga ya faɗa, mai kaya yana da ikon ya ce a'a ya nemi kuɗinsa cif.

Sai batun kuɗin da ake ciniki da su, wanda ya ƙara wa masu wannan hali hanya. Mu mutanen bakin iyaka aljihunmu biyu ne, naira da sefa. Sefa tana ɗaure da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa, tun da babban bankin Najeriya ya sake ta a Yunin 2023, ta zube daga wajen 460 a kan dalar Amurka, ta kai wajen 1,500 a farkon 2024. Wanda ya sayi kaya da naira a wancan lokacin ya riƙe kuɗin mutane wata biyu ko uku, ya biya adadin da aka faɗa daidai, amma abin da ya shiga hannun mai kaya ya riga ya zagwanye. Ga kuma rufe iyaka, na Agustan 2019 da na bayan juyin mulkin Yulin 2023, waɗanda suka zama uzuri a bakin kowane mai taurin bashi, har da wanda kayansa suka wuce tun kafin a rufe. Cinikin da ba a faɗi da wane kuɗi za a biya ba, ba a kuma faɗi ranar biya ba, rami ne, kuma mai ƙarfi ne kullum yake zaɓar wanda zai faɗa ciki.

Dillalai, ku ma kuna da kaso. La'adar da kuke karɓa ba ta haɗa hannun mutum biyu kaɗai ba ce, har da tsayawa a kan abin da kunnenku ya ji. A kara, ko ta nan gida ko ta Maigatari ranar Alhamis, ana sayar da sa na maƙudan kuɗi ba tare da ko guntun takarda ba, saboda an ɗauka dillali shi ne takardar. Ranar da rigima ta tashi sai ka ji, "Wallahi ban riƙe ba, hayaniya ta yi yawa." La'adarka dai ba ka manta nawa ce ba.

Manoma ma ba waliyyai ba ne. Akwai wanda zai sallama rake tun yana fadama, ya karɓi kafin alƙalami, gobe wani ya zo da ƙari ya sayar masa, ya mayar wa na farko da kuɗinsa kamar ajiya aka ba shi. Shi ma ya ci amana, wanda ya yi tayi a kan cinikin ɗan'uwansa bayan an daidaita shi ma ya taka hanin da ya zo a hadisi. Sai dai shi manomi ana kama shi kafin rana ta faɗi, a kai shi gaban mai gari, wani lokaci har a kira masa jandarma. Ban ga ana yi wa mai mota uku haka ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne irin sulhun da ake yi. Doka ta bai wa sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane a rigingimun dukiya da ciniki, kuma talaka ya fi son fada a kan kotun Magariya, don kusa ce, da Hausa ake magana, ba a kuma neman lauya. To amma me ake yawan ji a can? "A yi haƙuri, a raba asarar biyu." A raba wace asara? Wanda ya karya magana ya nemi ragin dubu huɗu, an ba shi dubu biyu, ya tashi da ribar rashin gaskiyarsa, an kuma koya masa cewa baɗi ya nemi takwas. Mai sulhu ya fara da tambaya uku: an taya? An sallama? Wa ya ji? Idan amsa ta fito, a faɗa wa mai saye cewa kuɗin mutane suna wuyansa gaba ɗaya. Bayan nan, in mai kaya ya ga dama ya yafe wani abu, wannan tsakaninsa da Allah.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Muna rubuta cinikin gona da jingina a gaban kwamitocin filaye tun bayan dokar karkara ta 1993, amma buhu ɗari na wake ya tafi Kano a kan "sai na dawo". Kowace rumfar awo tana da mai riƙe littafi da ke ƙirga buhunan Alhaji. Shi ɗin ya rubuta farashi, da irin kuɗin, da ranar biya, da sunan dillali, da boko ko da ajami, ya yage kwafi ya bai wa mai kaya kafin mota ta tashi. Sarakunan kasuwa su hana lodi in ba a yi haka ba.