Likitocin Tiyatar Yara Sun Yi Kaɗan, Mu Kuma Muna Kai Yara a Makare

A watan Nuwamba na 2019, ma'aikatan lafiya 78 a Asibitin Ƙasa da ke Abuja, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Emmanuel Ameh, suka shafe fiye da awa 12 suna raba tagwaye mata da aka haifa manne da juna ta ƙirji da ciki. Dukansu biyu sun rayu. A Yola ma, Farfesa Auwal Abubakar da abokan aikinsa sun yi irin wannan aiki fiye da sau ɗaya. Labarai irin waɗannan ne ke shiga jarida, amma ba su ne yawancin aikin likitan tiyatar yara ba. Aikinsa na kullum shi ne jaririn da aka haifa babu dubura, da wanda hanjinsa ya toshe, da mai gwaiwa, da mai tsagaggen leɓe, da ɗan makarantar da zazzaɓin taifot ya huda wa hanji.

Me ya sa sai an sami likita na musamman domin yara? Jinin da ke jikin sabon jariri mai kilo uku duka bai cika ƙaramar kwalbar lemo ba, don haka ɗan abin da babba zai zubar bai ji komai ba yana iya kashe shi. Jikinsa yana saurin yin sanyi, maganin sa barci kuma sai an auna shi daidai da nauyinsa. Kafin mutum ya ƙware a wannan, sai ya yi shekara shida a jami'a, ya yi shekarar gwaji a asibiti da ta bautar ƙasa, sannan ya ƙara wajen shekara shida yana koyon tiyata.

To, irin waɗannan likitoci ba su da yawa a ƙasarmu, kuma galibinsu suna manyan asibitocin koyarwa kamar na Zariya, Jos, Kano, Maiduguri da Sakkwato. Wasu ma tafiya suke yi. A 2024 Ministan Lafiya, Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci tsakanin 15,000 da 16,000 sun bar Nijeriya cikin shekara biyar. Idan ƙwararren tiyatar yara guda ɗaya ya tafi, sai jiha sukutum ta rasa mai duba jariranta, kuma maye gurbinsa aikin fiye da shekara goma ne.

Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2021, wanda aka yi a ƙasashe 74, ya duba jariran da aka haifa da matsalar hanji da makamantansu. A ƙasashe masu arziki waɗanda suka mutu ba su kai 6 cikin 100 ba. A ƙasashe matalauta kuwa kusan 40 ne cikin 100. Ciwon iri ɗaya ne. Bambancin yana wajen kayan aiki, da ma'aikata, da kuma lokacin da aka iso da yaron.

A kan wannan na ƙarshe ne muke da abin yi, 'yan'uwa. Biyan likitoci da gyaran asibitoci nauyin gwamnati ne, kuma daidai ne mu riƙa tambayar masu neman ƙuri'armu a kai. Amma jinkirin yakan fara daga gida. Ana haihuwa a ɗaki, ba wanda ya duba ko jaririn yana da dubura. Ciki ya kumbura, a jiƙa magani, a kira wanzami. Wani lokaci kunya ce: an haifi yaro da tsagaggen leɓe ko ƙaton kai, sai a ɓoye shi, a fara raɗe-raɗin wa ya yi zunubi ko wa ya yi sammu, alhali Yohanna sura 9 ta riga ta rufe mana wannan ƙofa. Sau da yawa fasto ko uwar zumunta ne ke fara jin labari. Idan suka yi addu'a suka ce a dakata a gani, kwana biyu sun wuce ke nan. A yi addu'ar a cikin mota, ana kan hanyar asibiti.

Kowace ungozoma da kowace kaka a ikilisiya ya kamata ta san cewa jaririn da ya kwana biyu bai yi kashin farko ba, ko yake amai kore, ko cikinsa ya kumbura ya yi tauri, asibiti za a kai shi a ranar. Haka ma ɗan wata shida da ke tsala kuka yana naɗe ƙafafu, yana kashi da jini da majina. Gwaiwar da ta kumbura ta ƙi komawa, yaron yana amai, ba ta jiran gari ya waye. Tsagaggen leɓe kuwa ana ɗinke shi tun yaro yana 'yan watanni, kuma ƙungiyar Smile Train tana biyan kuɗin aikin a asibitoci da dama a ƙasar nan.

Saura kuɗin mota, wanda ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Iyali da yawa a nan suke tsayawa, suna neman mai sayen akuya yayin da cikin jariri ke ƙara kumbura. Ikilisiyar da ke iya tara baiko na musamman domin rufin majami'a tana iya ware wani abu a hannun ma'aji, wanda za a iya fitarwa ko da tsakar dare ba sai dattawa sun zauna ba, tare da lambar wayar direba ɗaya ko biyu da suka yarda a tashe su.