A Ba Samari Bango Da Fenti

A shekarar 1984 birnin Filadelfiya na Amurka ya gaji da samarin da ke ɓata bangaye da rubuce-rubuce. Sai Magajin Gari Wilson Goode ya kafa wani shiri, aka ɗauki mai zane Jane Golden, ta jawo samarin nan, ta koya musu zana manyan hotuna a jikin gine-gine. Daga nan birnin ya sami zane fiye da 4,000.

Lalle ya kamata ƙananan hukumomin ƙasar nan su yi koyi. Ƙasar da maginanta suka ƙawata ƙofar fadar Zazzau da zayyana ba ta rasa gwanaye ba. Abin da ya rage shi ne a ba samari bango, da fenti, da ladan aikinsu. Yaron da ya zana bangon unguwarsu ba zai bari a ɓata shi ba.