Ruwa Ya Isa Gona, Ina Likitan Ido?

'Yan'uwa ɗalibai, tun 1974 aka gama madatsar Tiga, ruwa ya bi magudanai har gonakin Kura da Bunkure. To, magudanar da ke cikin idon dattijon manomi fa? Akwai nau'in hawan jinin ido da wani farin gari mai kama da amosani ke toshe ta, ruwan idon ya taru, jijiyar gani ta mutu sannu a hankali. Tun 1968 aka san tiyatar buɗe wa ruwan sabuwar hanya. Ba ta maido da ganin da ya tafi, ragowar take tsarewa. Amma sai a sallami talaka da maganin ɗigawa na har abada, wanda kuɗin tumatirinsa ba zai saya ba! Wa ke auna idon manomi a Kumbotso kafin ya kama sanda?