Wanda Bai Karanta Ba, Bai Tara Ba

A watan Afrilun 2024 an yi gwanjon wata tsohuwar mujalla a Amurka, aka sallama ta a kan dala miliyan 6. Sunanta Action Comics, fitowa ta 1, wadda ta fara shiga kasuwa a 1938 a kan santi 10 kacal, kuma a cikinta ne Superman ya fara bayyana. Irin wannan labari shi ke jan hankalin mutane zuwa ga littattafan labari cikin zane, waɗanda ake kira kwamik, har wasu su ɗauka tara su wata hanya ce ta ajiye dukiya, kamar sayen fili ko gwal. Ra'ayina shi ne wannan fahimta ta kama reshe ta bar tushe. Mai tara kwamik na gaskiya makaranci ne tukuna, kuma darajar aikinsa tana cikin abin da ya tsare wa al'umma daga ɓacewa.

Mu fara da tambayar abin da ya sa wannan mujalla ta yi tsada. An buga kimanin kwafe 200,000, amma waɗanda aka san sun rage ba su wuce ɗari ko makamancin haka ba. A kan takarda mai arha aka buga ta, yara suka karanta, suka yi musaya, ta yage. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi gangamin tattara tsofaffin takardu domin sake sarrafa su, kwamik masu yawa suka tafi ta wannan hanya. A 1954 kuma wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa littafin da ya ɗora wa kwamik alhakin lalacewar tarbiyyar yara, majalisar dattawan Amurka ta zauna a kan batun, masu bugawa suka kafa wa kansu hukumar tacewa. Iyaye suka zubar, manyan ɗakunan karatu suka yi ko-oho. Ashe raini ne ya haifar da ƙarancin, ƙarancin ya haifar da tsadar.

Waɗanda suka ceci abin da ya saura mutane ne ɗaiɗaiku. Edgar Church, wani mai zanen tallace-tallace a birnin Denba, ya shafe kusan shekara ashirin yana sayen kwamik domin nazarin zanensu, yana jera su a gidansa. Da tarin ya fito fili a 1977, an sami dubban mujallu kamar ranar aka buga su. Church bai saye su domin riba ba. Amfani yake yi da su. A wannan shekara ta 1977 ne kuma aka kafa ɗakin adana zane-zanen kwamik a Jami'ar Jihar Ohayo. Wato jami'a ta iso bayan masu sha'awa sun yi shekaru suna aikin.

Akasin haka ya faru a farkon shekarun 1990, lokacin da labarin tsadar tsofaffin kwamik ya bazu. Mutane suka riƙa sayen kwafe biyar ko goma na sabuwar fitowa suna ɓoyewa, kamfanoni kuwa suka biye musu da bangaye iri-iri ga mujalla guda. X-Men fitowa ta 1 ta 1991 an sayar da fiye da kwafe miliyan 8. Amma abin da kowa ya ɓoye ba ya ƙaranci. Kasuwar ta rushe, shaguna da dama suka rufe, kamfanin Marvel kansa ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a ƙarshen 1996. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Daga shekarar 2000 kuma aka shigo da al'adar auna lafiyar mujalla da maki, a rufe ta cikin akwatin roba mai ƙarfi. Tana kare takarda, gaskiya ne, amma littafin da ba a iya buɗewa ya tashi daga littafi ya koma haja.

To, mene ne ake samu a karatun har ya cancanci a ba shi rai? Kwamik yana da nahawunsa. Shafi a yanke yake gida-gida, tsakanin kowane gida biyu akwai ɗan fili fari. A gida na farko an ɗaga takobi, a na biyu ana makoki. Saran da kansa makaranci ne ya yi shi a zuciyarsa. Girman gida yana nuna tsawon lokaci, kuma mai zane yakan ɓoye abin mamaki a bayan shafi domin juyawar hannu ta zama ɓangaren labarin. Kwamik na Japan, wato manga, daga dama zuwa hagu ake bin sa, abin da ba zai ba wanda ya saba da ajami wahala ba. Batutuwansa kuma sun wuce jarumai masu tashi sama. Maus na Art Spiegelman, wanda ya ba da labarin yadda mahaifinsa ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, ya sami lambar Pulitzer ta musamman a 1992. Aya de Yopougon, da Marguerite Abouet ta fara fitarwa a 2005, ya zana rayuwar 'yan mata a wata unguwa ta Abijan.

Mai karatu da lura shi ne kuma yake gane abin da ke ƙunshe a zane. Tintin a Kwango, wanda Hergé ya fitar a littafi a 1931, ya siffanta baƙar fata da siffar wulaƙanci irin ta zamanin mulkin mallaka. Ajiye irin wannan littafi ajiye hujja ne ga mai bincike, muddin mai ajiyar ya san abin da ke hannunsa.

Za a iya cewa yanzu komai yana intanet, me zai sa a cika ɗaki da takarda? Amsa ita ce ba a ɗora wa intanet sai abin da wani ya ajiye. Shafuka suna rufewa, wayoyi suna lalacewa. Ga kuma abin da takarda kaɗai ke riƙewa: farashin da ke bango, tallace-tallacen ciki, wasiƙun masu karatu, sunan maɗaba'a. Waɗannan su ke gaya wa manazarci wane ne ya karanta, a ina, da nawa ya saya.

Nan ne batun ya shafe mu. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 matasan Nijeriya sun yi rububin mujallar African Film, mai ba da labarin jarumi Lance Spearman cikin hotuna jere. A 1976 Wale Adenuga ya fara Ikebe Super, inda Papa Ajasco ya fito. Gidaje nawa ne a yau ke da ko kwafi ɗaya? Gara ta ci wasu, damina ta jiƙa wasu, wasu an ƙunshe ƙosai da su. Littattafan adabin kasuwar Kano ma sun sha irin wannan raini, ga shi ɗaya daga cikin sanannun tarinsu shi ne wanda Farfesa Graham Furniss ya haɗa a Landan. Abin da muka raina a gida, wata rana sai mun nemi biza kafin mu gan shi.

Saboda haka ga shawarata ga mai son shiga wannan fage. Ya fara da labari ɗaya da ya kama zuciyarsa, ya bi shi har ƙarshe. Ya riƙe sunan marubuci da na mai zane, domin ta nan ake gane salo. Ya tanadi littafin rajista, ya rubuta suna, lamba, shekara da inda ya saya. Ya nisanta tarinsa daga rana da laima, ya ɗaga shi daga ƙasa, ya riƙa duba shi, don ƙusoshin tsakiya suna tsatsa su ci takarda. Kada ya raina na gida saboda na waje: mujallar makaranta, zanen barkwanci na jarida, ƙasidar wayar da kai ta asibiti, duk abin ajiya ne. Ya kuma ba da aro, ko da za a dawo masa da shi a lanƙwashe.

Sassan Hausa na jami'o'inmu su ma suna da rabonsu. Kabad guda da rajista guda sun isa a fara, sannan a buɗe ƙofa ga ɗaliban da za su yi nazarin harshe da zanen waɗannan ayyuka. Da sannu tarin zai girma, kuma manazartan gobe za su sami abin dubawa a gida.