Ba a cinikin biri a sama: sayen tsohon turumfet a gwanjon intanet

Ƴan uwa ƴan kasuwa maza da mata, yau ciniki ya shiga cikin salula. Masu kiɗan fanfar, coci-coci da samari mawaƙa suna zuwa wurin ɗan kasuwa su ce a samo musu turumfet, wato ƙahon nan na Turawa mai fistin uku. Sabo mai kyau tsada gare shi, sai a koma ga gwanjon intanet. To, a nan ne kuɗin mutane da sunan ɗan kasuwa ke shiga haɗari.

Mu da muka saba da kara, mun san ba a sayen sa sai an buɗe bakinsa an duba haƙori, an kuma sami dillalin da zai tsaya idan dabba ta fito ta sata. Wannan doka ba ta canza ba don kasuwa ta koma intanet. Shafin eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a 1995, shi ne dillali. Hotuna su ne haƙoran.

Mu fara da haƙoran. Ran turumfet yana cikin fistin ɗinsa uku. A nemi mai kaya ya zaro su ya ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya. Idan farin rufinsu ya goge har ana ganin tabo, iska za ta riƙa zurarewa, kuma gyaransa yakan fi kuɗin ƙahon. Na biyu, a duba siririn bututun da ke bin bakin busa. Ƙahon na tagulla ne, haɗin jan ƙarfe da tutiya. Yawu da danshi sukan cinye tutiyar daga ciki, sai jajayen ɗigo su fito a waje. Wannan ciwo ba ya warkewa da goga, ƙarshensa huda. Na uku, a tambaya ko lanƙwasassun bututun da ake ja don daidaita murya duk suna motsi, kuma bakin busa bai maƙale ba. Ƴar lotsawa a faffaɗan baki ba wani abu ba ce, amma lotsawa a jikin gidan fistin ta isa a fasa ciniki. Kada kuma ƙyalli ya ruɗe mu: tsohon Yamaha da fentinsa ya koɗe ya fi sabon da ba a san maƙerinsa ba.

Sai maganar suna. Yamaha na Japan, Bach na Amurka, Besson, Couesnon da Courtois sunaye ne da aka sani, don haka ne masu jabu ke son manna manyan sunaye, musamman Bach Stradivarius. Lambar ƙira tana jikin gidan fistin na tsakiya. A nemi hotonta a fili. Wanda ya ga ƙahon ƙwararru sabo fil a kuɗin na ɗan koyo, ya tuna araha ba ta ado.

Yanzu mu zo ga mai kayan, don shi ya kamata a fara saye kafin kayansa. A eBay kowane mai sayarwa yana da shaidar da abokan cinikinsa suka bari. Kada mu tsaya ga yawan shaidar kawai. Mu duba: a matsayin mai sayarwa ya same ta, ko mai saye? Kayan kiɗa ya saba sayarwa, ko tsofaffin takalma? Yaushe ya buɗe shafinsa? A roƙe shi ya ɗauki sabon hoton ƙahon da takarda mai kwanan watan yau a gefensa, ko ya aiko bidiyo ana busawa. Mai kaya a hannu ba ya jin nauyin wannan. Wanda ya ce "ni ban san komai game da shi ba, yadda ka gan shi haka yake", ya riga ya wanke hannunsa.

Babban tarko kuwa shi ne kwaɗayin tsallake dillali. Mai kaya zai ce a koma WhatsApp, a aiko ta Western Union, zai rage kuɗi. Duk wanda ya yarda ya zubar da kariyarsa, domin eBay yana tsayawa ne kawai ga cinikin da aka biya a cikinsa, kuma yakan ba da kwana 30 bayan isar kaya a kai ƙara. Mu a Nijar sai mu ƙara lura: bayan rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa sun koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo. Kafin akwati ya iso Maraɗi ko Damagaram, kwanakin sun iya cika. Shawararmu ita ce a kai ƙahon hannun ɗan uwa a ƙasar da aka saye shi, a sami mabushi ya gwada shi, sannan a ɗoro.

A yi lissafi kuma kafin a shiga tayi. Yuro ɗaya sefa 656 ne kusan, ke nan ƙahon Yuro 200 ya haura jika 131, ba a sa kuɗin aike, na duwan da na gyara ba. A yanke iyaka tun da wuri, kada zafin tayi na mintin ƙarshe ya ja mu.

Wani zai ce ai ciniki sa'a ne. Gaskiya ne, amma kuɗin amana ne, sau da yawa karo-karo aka yi. In ƙaho ya iso bebe, masu shi ba za su nemi wani Bature a Faransa ba. Ƙofar shagonmu za su tsaya.